Tsohuwar Bindigar Soja a Idon Malamin Ilmin Halittu

A kudu maso yammacin birnin Landan, tafiyar kimanin kilomita 50, akwai wani makeken fili mai suna Bisley, wanda tun shekarar 1890 ya zama matattarar masu gasar harbi na ƙasar Birtaniya. Sa'ad da nake karatun digiri na uku a can ƙasar, wani dattijo mai kula da kayan ɗakin gwaje-gwajenmu ya matsa mini in raka shi wurin wata ranar Asabar. Da muka isa, ya buɗe wata doguwar jaka ya zaro bindiga, ƙotarta ta yi duhu don shan mai, a jikin ƙarfenta kuwa an buga shekarar da aka ƙera ta, 1917. Ya kwanta rub da ciki, ya yi harbi goma daga nisan yadi 300, watau mita 274. Da aka nuna mana allon, sai ga hudojin goma duka a wurin da faifai guda zai rufe.

Abin ya tsaya mini a rai. Keken da ya shekara ashirin kullum yana wurin mai gyara, to yaya na'urar da ta kusa shekara ɗari take aiki kamar jiya aka ƙera ta? Da fari na ɗauka amsar tana hannun malaman fiziya da injiniyoyi kaɗai. Da na bi diddigi, sai na tarar rabin labarin na fannina ne: akwai bishiya a ciki, akwai auduga, akwai ƙwayar bakteriya, akwai kuma ido da kunne da zuciyar mai harbin.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan sha'awa ta mutanen wasu ƙasashe ce. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu harsashi irin na .303 cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakarsu sai da iznin Shugaban Ƙasa. Duk wanda ya ga abin da bindiga ta yi wa ƙauyukanmu a 'yan shekarun nan ba zai ce dokar ta yi tsanani ba. Ilmin da ke cikin al'amarin shi muke nema a nan.

Masu tarawa da abin da suke tarawa

A Birtaniya, da Amurka, da Kanada, da Ostireliya, akwai mutane da yawa da ke tara tsofaffin bindigogin soja kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Wani ya fi son Mauser ta Jamus ta 1898, wani Mosin-Nagant ta Rasha ta 1891, wani M1 Garand da sojan Amurka suka fara riƙewa a 1936. Abin da mai tarawa ke fara dubawa shi ne tambura da lambobin da aka buga a jikin ƙarfe, domin su ke faɗin masana'antar da ta ƙera bindigar, da shekarar, da kuma ko an taɓa mayar da ita gyara. Idan lambar da ke jikin sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, darajarta ta ƙaru. Idan kuwa wani maharbi ya taɓa datse ƙotar don ya rage nauyi, to ta faɗi warwas a idon masu tarawa. A Ingila kuma ba a barin kowa ya mallake ta sai ya sami takardar izni daga 'yan sanda, ya nuna dalili, ya kuma nuna akwatin ƙarfe mai makulli da zai riƙa ajiye ta.

Bindigar dattijon nan Lee-Enfield ce, ita ce kuma za mu ɗauka misali, domin ba baƙuwa ba ce gare mu. Sunanta ya haɗa sunan James Paris Lee, haifaffen Sikotilan da ya tsara sakatarta da gidan harsashinta, da na unguwar Enfield a arewacin Landan inda masana'antar gwamnati take. Sojan Birtaniya sun karɓe ta a 1895, an gajarta ta, aka sami samfurin da ya fi shahara a 1907, sa'an nan a 1941 aka fito da samfurin Lamba 4, wanda tsofaffin 'yan sandanmu ke kira mak-fo. An ƙera fiye da miliyan 16 a Ingila, da Indiya, da Ostireliya, da Kanada, da Amurka. Ita sojojin Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 da ta 82 suka rataya a yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, yaƙin da ya bar mana sunayen barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna. Birtaniya ta sauya ta a 1957, amma dakarun sa-kai masu sintiri a arewacin Kanada, inda sanyi ke daskarar da mai, ba a fara karɓe tasu ba sai a 2018.

Ana buɗe ta da rufe ta da hannu ne, da wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa. Gidan harsashinta na cin goma, alhali Mauser da Mosin biyar suke ci, kuma mariƙin sakatar yana dab da kunama, saboda haka hannu ba ya yin nisa. Ka'idar horon soja ta 1909 ta tanadi a yi harbi 15 cikin minti guda daga yadi 300, har yau kuma masu sha'awa suna gwada kansu da wannan.

Dalilin da harsashi ba ya tuntsurawa

Idan ka cire sakata ka leƙa cikin bututun ta fuskar haske, za ka ga tsagi biyar da suka murɗe kamar igiya daga gindi zuwa baki. Su ne ke bambanta irin wannan bindiga da adaka ta maharbanmu, wadda cikinta sumul yake. Harsashin dalma ne da aka yi wa riga da ƙarfe mai ɗan taushi, yana kuma ɗan fin ramin bututun kauri, don haka idan aka tura shi sai tsagin ya kama rigar ya tilasta masa juyawa.

Ga lissafin da malami zai iya bai wa ɗalibansa a aji. Tsagin yana kammala zagaye ɗaya a kowane inci 10, watau mita 0.254. Harsashin .303 samfurin 1910 yana da nauyin giram 11.3, yana kuma fita da gudun mita 744 a daƙiƙa. Raba 744 da 0.254, za ka sami juyi kusan 2,900 a daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana kaɗi ya san mazari ba ya tsayuwa da kansa, amma da zarar an murza shi sai ya miƙe cak a kan tsininsa. Haka dogon harsashi yake. Iska tana son ta birkita shi, juyin nan ne ke riƙe tsininsa a gaba.

Juyi dai ba ya hana shi faɗuwa. Kafin ya cinye yadi 300 yakan ɗauki fiye da kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa, a ɗan wannan lokaci kuwa jan ƙasa ya saukar da shi kimanin santimita 80. Don haka ne ma'aunin saiti na baya yake da lambobi: kowace lamba tana ɗan ɗaga bakin bindigar sama gwargwadon nisan.

Auduga, masara da ƙwayar bakteriya

Nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Albarushin dā, irin wanda maharba ke ɗurawa, haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa yakan zama toka da hayaƙi, ya toshe bututu, ya kuma tona asirin inda soja ya ɓuya. A 1846 wani masani a birnin Basel na Suwizalan, Christian Schönbein, ya gano cewa idan ruwan asid ya taɓa auduga takan zama wani abu mai ƙonewa farat ɗaya ba toka. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, watau dogayen sarƙoƙin sukari da tsiro ke gina bangon ƙwayoyinsa da su. Abin da asid ɗin ke yi shi ne ya rataya wa sarƙar iskar oksijin, ta yadda ba ta bukatar iskar waje kafin ta ci wuta, ko da kuwa a rufe take cikin kwanso.

A 1889 wasu masana biyu na Birtaniya, Frederick Abel da James Dewar, suka haɗa wannan auduga da naitirogilisarin da ɗan man baselin, suka sami sabon albarushi da ake kira kodayit. Ana kwaɓa shi ne a matso shi ta ƙananan huda kamar yadda ake murza taliya, kuma idan aka buɗe tsohon kwanson .303 abin da za a gani ke nan, 'yan siraran sanduna ruwan zuma. Zafinsa ya fi na tsohon albarushi nesa, har ya riƙa cinye tsagin bindigar da ta gabaci wannan, mai suna Lee-Metford, bayan harbi dubu kaɗan. Dole aka sake tsagi mai zurfi a Enfield. Watau ita kanta Lee-Enfield ɗin zafin kodayit ne ya haife ta.

To amma taliya ba ta kwaɓuwa sai da ruwa, ruwan kwaɓin kodayit kuwa shi ne asiton, wannan da mata ke goge jan farce da shi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya daga itace ake samunsa, a gasa itace a rufaffen wuri a tara tururinsa, kuma sai an ci kusan tan 100 na itace kafin a sami tan guda. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sai Birtaniya ta ga ba ta da dajin da zai ciyar da bindigoginta da manyan igwa na jiragen ruwanta.

Mafita ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Manchester. Wani malamin kimiyyar sinadarai, Chaim Weizmann, ya ware wata ƙwayar bakteriya da yanzu ake kira Clostridium acetobutylicum, ya kuma yi rajistar hanyarsa a 1915. Wannan ƙwaya 'yar uwa ce ga wadda ke kawo cutar tatanas mai sarƙe haƙora, sai dai ita ba ta cutar da mutum. Ba ta son iskar oksijin sam. Idan aka dama masara aka dafa, aka zuba ta ciki aka rufe, sai ta farfasa sitacin ya koma sukari, ta ci, ta fara fitar da asid. Duk uwar da ta taɓa jiƙa gero don koko ta san wannan mataki, domin shi ne tsamin da take ji. Abin mamakin yana gaba: idan tsamin ya yi yawa har yana neman ya kashe ta, sai ƙwayar ta sauya hanya, ta mayar da asid ɗin ya zama wasu abubuwa uku, asiton da butanol da etanol, bisa kason 3 da 6 da 1. Abin da ita take yi don ta ceci ranta, shi gwamnati take nema ido rufe. Aka karɓe wasu masana'antun giya aka mayar da su na wannan aiki, daga baya aka kafa irinsu a Kanada da Amurka inda masara take da arha.

A 1917 jiragen Jamus masu nutso suka tare hanyar masara. Sai gwamnati ta roƙi 'yan makaranta su tsinto 'ya'yan wata bishiya mai suna Aesculus hippocastanum, masu santsi, girmansu kamar na goro, waɗanda yaran Ingila ke wasa da su, ba tare da an gaya musu abin da za a yi da su ba. Kimanin tan 3,000 suka isa masana'antar da ke garin King's Lynn, wasu kuwa suka ruɓe a tashoshin jirgin ƙasa. Abin bai yi albarka ba, aka rufe wurin a 1918. Amma hanyar Weizmann ta zama ɗaya daga cikin manyan misalai na farko na kiwon bakteriya a manyan tankuna don sana'a, irin dabarar da daga baya aka bi wajen samar da fenisilin.

Gishiri ne ke cin bututu

Masu tarawa sukan ce shekaru ba su cika kashe bindiga ba, rashin wanki ke kashe ta. A gindin kowane kwanso akwai ɗan maɓalli da ke tayar da wuta idan allura ta buge shi. Na dā suna ƙunshe da wani sinadari da idan ya ƙone yakan bar fotashiyam kulorayid, ɗan uwan gishirin miya. Mun san yadda gishiri ke jiƙewa da kansa a kwano da damina. Haka wannan yake zama cikin tsagin bututu, ya jawo laima daga iska, ya zama ruwan gishiri, cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta kama. An daɗe ana zargin albarushin, sai a 1922 wani masani a Hukumar Ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, ya nuna cewa gishirin ne, ya kuma nuna cewa shafa mai ba ya magani, domin gishiri ba ya narkewa a mai, tsatsar sai ta ci gaba a ƙarƙashinsa. Maganin ruwa ne. Sojan Birtaniya da ma sun saba ɗura tafasasshen ruwa ta mazurari cikin bututu, ruwan ya wanke gishirin, zafinsa ya busar da ƙarfen, sa'an nan a shafa mai. Dattijon nan har butar shayi yake zuwa da ita, na kuwa ɗauka don shayin ne kawai.

Ƙota ma tana numfashi

Ƙotar bindigar 1917 ta itacen walnat ce, na dangin Juglans, wanda ba ya saurin tsagewa kuma yana shanye girgiza. Da ya yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga Fagus da Betula, 'yan Ostireliya kuma suka yi amfani da nasu itatuwan. Itace ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina shan laima da fitar da ita ba, shi ya sa ƙofar katako ke ƙin rufuwa da damina, ta kuma yi sako-sako da hunturu. Zaren selulos a tsaye yake bin tsawon itace, ruwa kuwa tsakanin zaren yake shiga, saboda haka itace yakan kumbura ta faɗi har kusan kashi 8 cikin 100, ta tsawo kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ƙotar Lee-Enfield ta rungume bututun kusan har baki. Idan ta kumbura ta danne shi ta gefe guda, bindigar da ta sami tsakiya a watan jiya sai ta riƙa kaucewa a wannan wata.

Don rage haka ake shafa mata man 'ya'yan tsiron Linum. Man gyaɗa ko ya shekara a kan katako yana nan da danƙo, amma wannan yana haɗuwa da oksijin na iska ya daskare cikin ƙofofin itacen. Haɗuwar tana fitar da zafi, har tsumman da aka jiƙa da shi aka dunƙule kan iya kama wuta da kansa. Rashawa kuwa ƙotar Mosin da shelak suke shafe ta, wani ƙaro da ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a kan rassan itatuwa a Indiya da Tailan.

Mai harbin

Duk wannan an gama, saura abin da ya fi komai rauni, watau mutumin da ke kwance a bayan bindigar. Aikinsa shi ne ya jera abubuwa uku a layi ɗaya: saitin baya, da na gaba, da allo. Ido kuwa ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda, domin madubin cikinsa sai ya sauya kauri ga kowane nisa. Saboda haka ake koya wa mai harbi ya kafa ido a kan saitin gaba, ya bar allon ya yi dishi-dishi. Bayan shekara arba'in madubin yakan fara taurara, ni kaina yanzu sai na miƙa hannu kafin in karanta takardar jarrabawa. Samfurin 1907 saitinsa na baya wani ɗan gibi ne a tsakiyar bututu, kimanin rabin mita daga na gaba, don haka kuskuren milimita guda yakan zama fiye da rabin mita a yadi 300. A Lamba 4 sai aka dawo da shi kusa da ido aka mayar da shi ƙaramar huda. Tazarar ta kai kusan santimita 73, kuskuren ya ragu zuwa ƙasa da santimita 40, hudar kuma tana taimaka wa ido ya ga na kusa da na nesa tare. Wannan ne ya sa dattawa da yawa suka fi son ta.

Numfashi yana ɗaga ƙirji, ƙirji ya ɗaga bindiga. Gwani yakan jira ɗan hutun da ke zuwa bayan fitar da numfashi, ya danna kunama cikin 'yan daƙiƙu, kafin ƙarancin iska ya sa tsoka rawa. Bugun zuciya ma ana ganinsa a saitin gaba. Don haka ne aka haramta wa masu gasar harbi magungunan da ke rage bugun zuciya, kuma a wasannin Olimfik na Beijin a 2008 an ƙwace lambobin wani ɗan Koriya ta Arewa, Kim Jong-su, saboda an sami irin wannan magani a jikinsa.

Akwai kuma zabura. Harsashi yana barin bututu cikin abin da bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, alhali ko ƙiftawar ido ta firgita tana cin ninkin haka sau ashirin. Ke nan duk motsin da jiki ya yi saboda ƙara, harsashi ya riga ya tafi. Motsin da ke ɓata harbi shi ne wanda ƙwaƙwalwa ke yi tun kafin a harba, domin ta koyi cewa duka na zuwa a kafaɗa, sai ta tura tsoka ta tare shi. Masu horo sukan saka kwanson da ba kome a cikinsa tsakanin na gaske ba tare da mai koyo ya sani ba. Idan ya danna bai tashi ba, sai ya ga bakin bindigar ya nutsa ƙasa da idonsa.

Kunne shi ke biyan kuɗi mafi tsada. Hira tsakanin mutum biyu kamar desibel 60 ce, kuma kowane ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti. Ƙarar da ta wuce 140 tana iya yin lahani ko da sau ɗaya aka ji ta, ta irin wannan bindiga kuwa tana kai wa wajen 160. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan bututu mai siffar katantanwa, cikinsa da ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000, su ke mayar da girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kifi da tsuntsu sukan sake tsirar da nasu idan sun lalace, mu kuwa wadda ta mutu ta tafi ke nan. Masu jin siririn sauti su ke fara mutuwa, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin. Yau ba mai hawa layin harbi a Bisley ba tare da abin toshe kunne ba, sojojin da suka fara riƙe waɗannan bindigogi kuwa haka nan suka yi ta harbi da kunne a buɗe.

Mai harbi da dama yakan kwantar da kuncinsa na dama a kan ƙota, kansa ya kare kunnen dama, na hagu kuwa ya fuskanci bakin bindiga. Dattijon nan ya fara harbi tun yana saurayi, lokacin da ba a damu da toshe kunne ba. Sai a ranar nan ta Bisley na gane abin da ya sa, duk sa'ad da muke tafiya tare a barandar sashenmu, yakan zagayo ya bar ni a damansa.